Tashar Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya bai iso iyakar Nijar ba

A daidai lokacin da mutanen Maraɗi ke jiran ranar da jirgin ƙasa zai iso musu daga Kano, akwai wata tsohuwar tasha a maƙwabtansu ta kudu wadda tarihinta ya kamata a sani. Tashar Ƙauran Namoda ce, a jihar Zamfara ta Najeriya. Tun shekarar 1929 layin dogo ya kai can, ya tsaya, kuma har yau bai ƙara gaba ba. Tasha ce ƙarama ta karkara, amma shekaru da dama tana cikin tasoshin jirgin ƙasa da ke kusa da iyakar Nijar, tare da ta Kano da ta Nguru. Abin da ya raya ta da abin da ya durƙusar da ita duk abu ɗaya ne, wato kayan da ake lodawa.

Garin kafin zuwan jirgi

Ƙauran Namoda tana bakin gulbin Gagare, ɗaya daga cikin rassan gulbin Rima, arewa da Gusau. Sunan garin ya samo asali daga Muhammadu Namoda, jarumin Fulanin Zamfara wanda yake cikin manyan mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, kuma yana cikin waɗanda suka jagoranci yaƙin da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Bayan faɗuwar Alƙalawa ne Gobirawa suka yi ta ƙaura, har daga baya suka kafa Tsibiri a kusa da Maraɗi, garin da Katsinawa suka zauna bayan barin Birnin Katsina. Ke nan tun kafin Turawa su shata iyaka, ƙasar Zamfara da ta Gobir da ta Katsinar Maraɗi sun san juna, ta hanyar yaƙi da fatauci da auratayya.

Daga Ƙaura hanyoyi biyu ne ke nufar iyakar Nijar. Ɗaya ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya, daga nan sai Ɗan Isa da Maraɗi. Ɗayar ta bi ta Shinkafi da Isa zuwa Sabon Birni, ta fuskanci ƙasar Gobir da ke cikin Nijar. Waɗannan hanyoyi na fatake ne tun da daɗewa, jakuna da raƙuma da takarkari ke bin su. Da jirgi ya zo, sai ya zama a ƙarshensu akwai wurin da ake sauke kaya a ɗora wa ƙarfe.

Abin da ya kawo dogo

Turawan Ingila sun fara shimfiɗa layin dogo daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai Ibadan a 1901. A Arewa kuma aka ja wani layin daga Baro, a bakin kogin Kwara, wanda ya isa Kano a 1911. An yi wannan aiki da ƙarfin talakawa, waɗanda hakimai da dagatai ke tattarowa bisa umarnin Turawa, da yawansu ba da son ransu ba. Babban burin Turawan shi ne auduga, saboda masaƙun Ingila na neman inda za su same ta ba sai sun dogara da Amurka ba. Sai dai manoman ƙasar Kano sun lura cewa gujiya, wadda can ake kira gyaɗa, ta fi riba, ga shi kuma ana iya cin ta in yunwa ta zo. Cikin ƴan shekaru gujiya ta zama babban kayan da jirgi ke kwasa zuwa bakin teku.

Ganin haka ya sa aka yi tunanin fitar da rassa zuwa yankunan noma da ke nesa da babban layi. Reshe ɗaya ya tashi daga Zariya ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa Funtuwa da Tsafe, ya kai Gusau a 1927, sannan Ƙauran Namoda a 1929. Tsawonsa kimanin kilomita 220 ne. Ɗaya reshen ya tashi daga Kano ya nufi arewa maso gabas, ya kai Nguru a 1930. Ƙasar da ke tsakanin Zariya da Gusau ƙasar auduga ce, shi ya sa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, BCGA, ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau. Daga Gusau zuwa arewa kuwa ƙasa ta fi jigawa, nan gujiya da dabbobi da fatu suka fi yawa.

Shekarar da dogo ya isa Ƙaura ita ce shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye. Farashin kayan gona ya faɗi, kuɗin gwamnatin mulkin mallaka ya ragu, aka jingine zancen ci gaba da layin zuwa Sakkwato. Bayan reshen Nguru ba a ƙara wani babban aikin dogo a Arewa ba sai layin Barno, wanda aka fara a 1958 ya kai Maiduguri a 1964. Haka Ƙaura ta zama ƙarshen layi, ba don an tsara ta da zama hakan har abada ba.

Yadda ƙaramar tasha ke aiki

Layin na falle ɗaya ne, faɗinsa milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Tunda jirgi biyu ba za su iya wuce juna a kansa ba, a tasoshi ne ake yin ƴan rassan da wani jirgi zai raɓa ya jira. Shugaban tasha ba ya sakin jirgi sai ya yi magana da tashar gaba ta wayar tangaraho, an tabbatar masa hanya a buɗe take, sannan a miƙa wa direba wata sandar ƙarfe da ke nuna shi kaɗai ke da izinin shiga wannan yanki. In ya isa tashar gaba sai ya miƙa ta, a ba shi wata.

A zamanin farko kan jirgi da kwal yake aiki, wanda ake haƙowa a Inugu. Injin yana shan ruwa sosai, saboda tururi ne ke tura shi, don haka tasha ba ta rasa tankin ruwa a sama da ma'aikacin da ke kula da shi. A ƙarshen layi kuma dole a sami wurin juya kan jirgi ya fuskanci inda ya fito. Sauran abubuwan da ke cikin irin wannan tasha su ne ofishin sayar da tikiti, rumfar ajiye kaya, sikelin awo, wurin hawar da shanu cikin tarago, da gidajen ma'aikata. Daga shekarun 1950 injinan da ke shan gas suka fara maye gurbin masu kwal.

Yawancin ma'aikatan reluwe na farko, akawu da direbobi da makanikai, daga kudancin Najeriya suka fito, Yarabawa da Ibo da sauransu, saboda su suka riga shiga makarantar boko. Su da ƴan kasuwar da suka biyo su ne suka kafa unguwannin baƙi a garuruwan da ke kan layi. Mutanen gari kuma suka riƙe dako da dillanci da sayar da abinci. A bakin tasha ne kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt ke kafa kantuna da sito, su ba wakilansu kuɗi su shiga ƙauyuka saye, ƴan baranda kuma su tare manomi tun kafin ya kai sikeli.

Rayuwar tasha tana bin shekarar noma. Da damina shiru take, sai fasinja da ɗan abin da ba a rasa ba. Da kaka ta yi, aka buɗe ciniki, sai buhuna su cika fili, leburori su kwana lodi. Daga Ƙaura zuwa Legas tafiyar kimanin kilomita 1,200 ce. Taragun da suka tafi da gujiya da auduga da fatu da shanu su ne ke dawowa da goro, gishiri, kananzir, atamfa, siminti da kwanon rufi.

Abin da ya haɗa ta da Nijar

Faransa ba ta shimfiɗa ko taku ɗaya na dogo a Nijar ba. Layin da ya taso daga Abijan, wanda har sunansa ma Abijan-Nijar ne, ya kai Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, bai iso Yamai ba. Na Dahomey, wato Benin ta yau, ya tashi daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bayan kilomita 438. Saboda haka lokacin da noman gujiya ya bunƙasa a ƙasashen Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai, hanyar da ta fi sauƙin kai ta teku ita ce dogon Najeriya. Kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suna saye a kasuwannin Nijar, motoci su tsallaka da kayan, mafi yawa zuwa Kano. Ƙaura da Nguru su ne ƙofofin gefe, ɗaya ta yamma ɗaya ta gabas.

Ba gujiya kaɗai ba. Jar akuya, wadda a Nijar ake dangantawa da Maraɗi, a Najeriya kuma da Sakkwato, fatarta ta yi suna a kasuwannin Turai saboda laushi da ƙwari. Kafin zuwan jirgi ta Sahara ake fitar da irin wannan fata a bayan raƙuma. Da dogo ya zo sai hanyar ta juya kudu, fatauci da Arewacin Afirka ya ja baya. Shanu ma haka: maimakon a kora su da ƙafa makonni da yawa zuwa ƙasar Yarabawa suna ramewa a hanya, ana iya loda su a tarago su isa cikin ƴan kwanaki. Manoman bakin iyaka kuwa sun iya lissafi, duk ɓangaren da farashi ya fi kyau ko kuɗinsa ya fi daraja a wannan shekara, can buhunansu ke nufa.

Bayan yaƙin duniya na biyu gujiya ta fi ƙarfin jirgi. Taragu da injina ba su isa ba, buhuna suka yi ta taruwa ana jiran lodi, kuma wannan jira na cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta Kano ta yi ta tsawo. Kayan Nijar ma sun shiga wannan layi na jira, ga shi kuma da kuɗin Ingila ake biyan kuɗin dako. A 1953 hukumomin Faransa suka ƙaddamar da shirin da suka kira Opération Hirondelle, inda ake ba da tallafi don motoci su kai wani kaso na gujiyar Nijar Paraku ta hanyar Doso da Gaya, su dawo da kayan shigowa. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta dogo tsakanin Dahomey da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN. Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta ba ta ikon fitar da gujiya waje. Duk da haka hanyar Najeriya ba ta mutu ba, saboda ita ce mafi kusa ga Maraɗi da Damagaram.

Yadda tasha ta yi sanyi

A 1955 aka mai da reluwe ta Najeriya hukuma mai zaman kanta, NRC. A 1964 jiragenta sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan ton miliyan 3. Shekara goma bayan haka fasinja sun koma miliyan 4 da ƴan kai, kaya kuma ton miliyan 1 da ɗoriya. Dalilan wannan faɗuwa sun taru ne a lokaci guda.

Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata ƴan ƙabilar Ibo da yawa barin Arewa, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya rufe layin gabas da ke zuwa Fatakwal. Sai fari ya biyo baya, wanda ya kai ƙololuwa a 1973 da 1974, ya kashe dabbobi da amfanin gona a Nijar da arewacin Najeriya baki ɗaya. A 1975 cutar da ke nannaɗe ganyen gujiya, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta lalata gonaki masu ɗimbin yawa. Manoma da dama suka koma ga hatsi da wake, wanda ya fi jure ƙarancin ruwa. Gujiyar da ta rage kuma sai masu matsar mai na cikin gida suka shanye ta, ba abin da ya saura na kaiwa Legas.

A wannan lokaci ne kuɗin man fetur ya shigo Najeriya. Gwamnati ta zuba shi a hanyoyin kwalta, mai ya yi araha, manyan motoci suka yawaita. Mota tana zuwa har ƙofar sito ta ɗauki kaya, ta sauke su a ƙofar mai saye, ba sai an yi lodi biyu ba, kuma ba ta jiran ranar jirgi. Dogo kuwa ya tsufa, gyara ya yi ƙaranci, jirgi yana tafiya a hankali yana kuma makara. An kawo kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan gyaru, da suka tafi aka koma gidan jiya. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne manyan masu ba jirgi kaya. Daga baya masaƙun Arewa suka yi ta rufewa, har da ta Gusau, auduga ma ta rasa mai saye.

Reshe irin na Ƙaura ya fi babban layi jin jiki, domin ba ya bi ta wani babban birni da zai cika shi da fasinja. An yi yunƙurin farfaɗo da shi. Bayan an sake buɗe layin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, an yi gyara a reshen Zariya zuwa Ƙaura, kuma a watan Satumba na 2016 wani jirgi ya tashi daga Gusau da shanu kimanin 500 zuwa Legas. Abin bai ɗore ba. Matsalar ƴan bindiga da ta addabi Zamfara ta hana noma a ƙauyuka da yawa, ta mai da hanyoyin Zurmi da Shinkafi abin tsoro, kuma ita ce ta koro dubban mutane zuwa yankin Gidan Rumji na jihar Maraɗi a 2019. Ɓarayin ƙarfe su ma suna kwance dogo a wuraren da jirgi ya daina bi. Garin Ƙauran Namoda bai mutu ba, yana da kasuwarsa da masarautarsa da kwalejin kimiyya da fasaha ta gwamnatin tarayya da aka kafa a 1983, amma ba da tasha yake rayuwa yanzu ba.

Abin da ya shafi Maraɗi da Doso

Nijar ta riga ta ga irin nata. A watan Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikin kammalawa a watan Janairun 2016. Sai dai shari'a a kotunan Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin ta hana a haɗa layin da Paraku. Dogon da bai kai teku ba, bai kuma haɗu da wani dogon ba, ba shi da kayan da zai ɗauka, shi ya sa tashar Doso ba ta taɓa yin aikin da aka gina ta dominsa ba.

Layin Kano zuwa Maraɗi daban yake ta wannan fuska. Tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Portugal aka ba kwangilar a watan Janairun 2021 a kan kusan dala biliyan 2, aka aza harsashi a watan Fabrairun shekarar, kuma lokacin da aka fara ɗibar wa aikin ya riga ya wuce. Faɗinsa milimita 1,435 ne, irin na sababbin layukan Najeriya. Wannan na nufin taragonsa ba zai hau tsohon layin Kano zuwa Legas mai milimita 1,067 ba, haka nan ba zai hau na Yamai zuwa Doso ko na Benin masu milimita 1,000 ba. Kafin kaya su tashi daga Maraɗi su isa tashar ruwa ta Legas a tarago ɗaya, sai an kammala sabon layin Kano zuwa Kaduna, an kuma cike giɓin da ke tsakanin Abuja da Ibadan. Kafin nan dole a riƙa sauke kaya ana sake lodi a hanya, kuma kowane lodi kuɗi ne.

Tambaya ta gaba ita ce me za a loda. Gujiyar da ta cika taragu a da ba ta nan da wannan yawa. Abin da yankin ke fitarwa yau shi ne dabbobi, wake, aya, riɗi, fatu da albasar Galmi, abin da yake shigowa da shi kuma hatsi ne daga kasuwar Dawanau, siminti, taki da kayan masarufi. Jirgi yana fin mota araha ne in kaya na da yawa, masu nauyi, tafiyar kuma mai nisa. Daga Maraɗi zuwa Kano tafiya ce gajera wadda mota ke yi a wuni guda, don haka mai buhu hamsin ba zai bar direban da ya saba da shi ba sai ya ga jirgi yana tashi a ranar da aka faɗa, akwai rumfar ajiya da sikeli da wurin hawar da dabbobi, kuma aikin duwan ba ya cinye kwanaki.

Akwai kuma zancen iyaka da tsaro. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da wannan layi wata takwas, kuma yankin Jibiya da sabon dogon zai ratsa yana cikin wuraren da ƴan bindiga suka fi damu. Tashar da ke ƙarshen layi, kamar yadda Maraɗi za ta kasance, ita ce ke fara rasa jirgi duk ranar da wani abu ya faru a tsakiya.

An sha zancen a ja dogo daga Ƙauran Namoda zuwa Sakkwato da Illela har Birnin Ƙonni, an ma saka shi cikin layukan da gwamnatin Najeriya ta ce za ta yi nazari a kansu. Shekara sama da 90 ke nan tun da aka kafa ƙarfen ƙarshe a Ƙaura, kuma wannan layi yana nan a takarda. Ga ƴan kasuwar Maraɗi da ƙungiyoyin manoma da makiyaya, aikin da ke gabansu kafin jirgi ya iso shi ne su san yawan kayan da za su iya tarawa a kowane wata, su kuma nemi a faɗa musu tun yanzu nawa ne kuɗin ton ɗaya zuwa Kano, da wanda zai riƙa gyaran layin bayan an gama biki.